Ranar da Na Cike Layin Zaitun

Ko da zan manta lambar gidanmu, ba zan manta ranar da na fara rubuta wani abu a layin zaitun ba.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu masu ƙidayar abinci gida-gida muke bi. Mu tambayi abin da aka ci jiya tun daga karin kumallo har tuwon dare, mu auna, mu rubuta. A ofis ake juya shi lissafi, a fitar da yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, da kowane abinci ke ba ƙasa. Takardar da muke cikewa ta fi dogon-yaro tsawo, kuma a ƙasa ɗaya aka tsara wa duniya ita, shi ya sa har da layin zaitun. Ni kuwa tsakanin Kura da Bunkure nake yawo a babur, inda shinkafa da tumatir da albasa suke mulki. Sifirin da na zuba a layin nan, da ƙwai ne da na buɗe gidan gona. Har na yi wa abokan aiki alkawarin rago ranar da na cike shi.

Da rani ne, ana tsakiyar ɗibar tumatir. Shugabar ayarinmu, Hajiya Binta, jami'ar abinci mai gina jiki, ta biyo ni duba aiki. Muka shiga wani gida a bakin kwatar ban-ruwa, gidan wani dattijo, Malam Iro. Matarsa Inna Hansai tana kwance a tabarma, ta rame kamar sillen kara. An yi mata aiki a ciki, wata guda ke nan ɗinkin ya ƙi kamewa.

Na fara tambaya. Da safe koko, da rana shinkafa, da dare tuwo. Na ce babu wake, babu nono, babu ƙwai? Malam Iro ya yi murmushin wanda ya fi ƙarfin wannan, ya shiga ɗaki ya fito da kwalba biyu a naɗe cikin rawani: ɗaya 'ya'yan zaitun, ɗaya mansa. Ya ce a asibiti an ce a ba ta abin da zai gina jiki, shi kuwa bai san abin da ya kai itacen da Allah ya yi rantsuwa da shi ba. Buhun waken da ya ajiye na ci ya kai Kano ya sauya da su. Kullum ƙwaya uku da safe, uku da yamma, da cokalin mai.

Wallahi dariya ta taso mini har maƙogwaro, ga rago ya tabbata. Na buɗe baki zan ce, Baba, ai gina jikin da ke cikin kwalbar nan bai kai na ƙosai biyu ba. Sai Hajiya ta taka mini ƙafa. Har yau idan hadari ya haɗu yatsan nan yana tuna mini.

Ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta yaba, ta ce lallai Inna ta yi dacen miji. Sannan ta ce, “Baba, zaitun mai ne, albarkarsa a man take. Amma mai ba ya ɗinke fata sai ya sami abin da zai hau. A yi mata ɗanwake ko alala kullum, a zuba wannan a kai. In da nono, a ƙara.”

Dattijon ya juya yana kallon kusurwar da buhun yake a da. Ba a gaya masa ya yi kuskure ba, amma ya gane. Can ya ce a hankali, “Ashe abin yana ɗakina na fitar da shi.”

Inna Hansai ta ɗago kai ta ce, “Malam, ni dai na ji daɗinsa. Tun da ka auro ni ba ka taɓa ba ni abu a baki ba sai shi.”

Na sunkuyar da kai na rubuta ƙwaya shida a layin zaitun.

Bayan mako uku na koma zagaye na biyu. Maƙwabta Fulani suna kawo nono, ɗan'uwan Malam Iro ya aiko da wake. Na tarar da Inna zaune a ƙofar ɗaki tana yi wa Malam Iro faɗa kan ya cika wa ɗanwake mai. Shi kuma ya tsaya a kaina sai da ya ga na rubuta zaitun kafin wake.

A lissafin ƙasa ƙwaya shidan nan ko ƙura ba ta tayar ba. Zaitun bai ciyar da mu ba, wake da gero da nono ne ke riƙe da mu. Amma ku sababbin shiga wannan aiki, ku riƙe wannan: takarda tana auna abin da ke cikin kwano, ba ta auna dalilin da ya sa aka ajiye shi. Kafin ku yi dariya, ku dubi fuskar wanda ya ajiye.

Maganar rago kuwa, ƙosai na saya wa ofis. Na ce musu Hajiya ta tabbatar duk gina jiki ne.