Igiyar Gwaggo Dije

Duk wanda ya san Gwaggo Dije ta Buza ya san ba ta gaisawa da mace sai ta kama mata ƙugu. Kina durƙushe kina "ina kwana", ita tana auna ki da taƙi, bakinta na motsi. Kafin ki miƙe ta yanke hukunci: "Kin ƙara yatsa biyu. Mi kike ci gidan mijin ga?" Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, don haka ƙuguna ya fi na kowa shan wannan gaisuwa.

Tana da keken ɗinki na hannu, kuma riga iri ɗaya tak take ɗinkawa: rigar bazara mara nauyi, wadda ake naɗewa ta gaba a ɗaure a gefe. Wata amarya ta taɓa roƙon ta maɓalli uku kacal. Gwaggo ta ce, "Maɓalli bai san kin ci tuwo ba, ɗiyata. Maɗauri shi ka sani."

Awo kuwa da igiyar rama take yi. Kowace mace a dangi tana da tata rataye a ƙusa bayan ƙofa, da ƙullin kafaɗa, da na ƙugu, da na tsawo. Wata rana matar ƙanena ta zo awo, Gwaggo ta zagaya mata igiya, ta dubi tsohon ƙulli, ta dubi yarinya. Sai ta ce, "Tahi ki hwaɗa ma mijinki shi hwara neman rago." Ita mai cikin ma a ranar ta ji labari.

Kar ku tambaye ni zancen tattali. Duk ƙyallen da ya faɗi ƙasa sai ya shiga tsohon gwangwaninta. Na ga ranar da kaza ta fizgi zare ta fita da shi, Gwaggo ta bi ta har gida na uku, ta dawo da shi tana haki tana cewa, "Ita ɗinkin mi za ta yi?"

To, ga ni. A farkon shekarun tamanin na gama karatun koyarwa a Tawa, aka tura ni koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Ibohaman a tsakiyar bazara. Na dawo gida da santimetir a wuya, da hoton wata riga matsattsiya da na yago daga mujallar Faransa, da kai mai girman tulu. Akwai atamfa guda da mahaifiyata ta bari, sabuwa fil, Gwaggo na ɓoye mini ita tun ina ƙarama. Da ita na ƙudurta zan tsaya gaban 'yan aji, kuma ni zan ɗinka da kaina.

Gwaggo ta sauko da igiyata daga ƙusa. A gaban mata huɗu na ce, "Gwaggo, igiya ai ta ɗaurin akuya ce. Yanzu da santimetir ake awo." Gwaggo ta naɗe igiyar ta shige ɗaki.

Na baje atamfa ina yanka, ina ƙirga lambobi da Faransanci don kowa ya ji. Gwaggo ta wuce ta bayana da buta, ta ce, "Kin jiƙa ta?" Na ce mujalla ba ta faɗi haka ba. Ta ce, "To, madam."

Na gama, rigar ta zauna cif, sai dai ba a numfashi a cikinta. Ana gobe tafiya na wanke ta don ta yi kyau. Da safe, motar kasuwa na tsaye bakin hanya, na zura kai da hannaye, riga ta tsaya a kafaɗa. Ta tsuke. Ba ta sauka, ba ta fita. Ga ni tsakar gida hannaye sama kamar kazar da aka rataye, zufa na zuba, ina kuka cikin atamfar uwata da na lalata da hannuna.

Gwaggo na zaune tana shan fura. Ta ce, "Kira santimetir shi hisshe ki."

Sai da ta shanye tukuna ta ɗauko almakashi, ta tsarge rigar daga wuya har ƙasa ina ciki. Ta buɗe gwangwani, ta zaɓo ƙyallaye, ta harhaɗa su ta ƙara faffaɗan ɓangare biyu a gaba, ta liƙa maɗauri. Ko awo ba ta yi ba. Direba ya yi oda har ya gaji, ta aika masa cewa ya jira, ana yi wa gwamnati riga. Haka na shiga aji, baya atamfar uwata, gaba zanen matan Buza shida. Shekara uku ina sa ta, har da cikina na fari, sai dai in sassauta ɗauri.

Abin da ke ci mini rai shi ne ban taɓa ba ta haƙuri ba. Kullum in na zo hutu sai in ce yau zan faɗa, sai girman kai ya riƙe mini baki. Ƙusata kuma ta zauna ba komai, na ɗauka ta jefar da igiyar. Ƙugu dai ba ta daina kama mini ba.

Da ta rasu muna gyaran ɗakinta, na buɗe gwangwanin. Can ƙarƙashin ƙyallaye ga igiyata. Na san ƙullin da ta tsaya a kai ranar da na yi mata rashin kunya. Bayansa akwai wasu, ɗaya bayan ɗaya, na kowane hutu da na zo, har na sallar da ta wuce. Na zagaya ta a ƙuguna, ƙulli na ƙarshe ya zauna daidai.

Gwaggo, igiya ba ta akuya ba ce, ki yafe mini. Allah Ya yalwata miki kabari kamar yadda kike bar mana sarari a riga, Ya suturta ki da rahamarSa. Amin.