Durƙuson Ticha Muniru

A shekarar 1918, shekarar annobar mura, Muniru ya fara sanin Baba Sumana. Ranar nan gawar mahaifin Muniru tana kwance a zaure a Zangon Kumasi tun asuba har azahar, maƙwabta suna leƙowa suna komawa, kowa na tsoron taɓa ta. Sai wani ɗan dako, mutumin Moshi mai ɗaukar huhun goro, ya sauke kayansa a ƙofa, ya naɗe hannun riga, ya yi wa mamacin wanka. Da ya gama ko ruwa bai tsaya sha ba. Shi ne Baba Sumana.

Bayan shekara uku Muniru ya zama ticha a makarantar mishan da ke Asante New Town. Shi ne ɗan Zango na farko da ya riƙe alli a wurin, aka ba shi 'yan Zango goma sha huɗu. Hedimasta, mutumin bakin teku mai son tsari, ya kafa doka: yaro in zai gai da babba, ya miƙe ƙyam, ya sara da hannu kamar soja, ya dube shi cikin ido. A Zango kuwa wannan rashin kunya ce tsagwaronta. Ɗan halas durƙusawa yake yi, idonsa a ƙasa.

Wata Talata da hantsi Muniru ya hango ɗalibansa sun tare Baba Sumana a bakin hanya. Tsohon ya ranƙwafa ƙarƙashin huhu, su kuwa sun jera suna sara masa, suna ƙare masa kallo, suna dariya. Tsohon ya ratsa su ya wuce.

Muniru ya kora su aji.

"Kai Garuba, haka kake gai da ubanka?"

"Ticha, ai babana bulala zai ba ni."

"To shi wannan fa?"

"Ai ɗan dako ne, Ticha."

"Ɗan dako. Rigar da ke wuyanka, goron da ya ɗauko a kansa ne ya saya maka ita, mai kan kwakwa kawai. Ku durƙusa, dukanku. Ba ni za ku durƙusa wa ba, hanyar da ya bi za ku fuskanta."

Tun daga ranar, kowace safiya kafin a taɓa lissafi, sai sun fita sun durƙusa wa duk tsohon da ya gifta, mai rawani ne ko mai tsumma. Wanda ya ga tsohuwa da tulu ya karɓa mata.

Hedimasta ya kira shi ofis. "Muniru, na ɗauke ka ka wayar da su, ka mayar mini da su kwaɗi. In na sake ganin gwiwar yaro a ƙasa, ka ajiye allina."

Muniru ya fito yana huci. Abin da ya fi ƙona masa rai ma iyayen ne. Attajiran goron da suke dukan 'ya'yansu kan gaisuwa, su ne suka aiko masa cewa 'ya'yansu ba sa durƙusa wa leburori.

A watan Yuni na 1923 Baba Sumana ya rasu a rumfar da yake kwana, bayan rumbunan goro. Ba ɗa, ba dangi. Labari ya iske Muniru ƙarfe tara, yana tsakiyar darasi, kuma aka ce har lokacin masu goron suna gardamar wanda zai yi masa sutura.

Ya ajiye alli a kan teburi. Ya san ba zai sake ɗaukarsa ba.

"Kowa ya nemo tulu," in ji shi.

Suka bi ta gaban tagar hedimasta a jere. Yaran suka yi ta jido ruwa, suka sauke a bakin rumfa, suka durƙusa ba wanda ya ce musu. Muniru ya shiga ciki ya naɗe hannun riga.

Washegari aka sallame shi. Ya koma ɗinkin hula a unguwar Akwatia Line, a nan ya tsufa. In aka tambaye shi abin da ya haɗa shi da ɗan dakon har ya bar aikin albashi, sai ya ce, "Mun taɓa haɗuwa a wani zaure," ya ci gaba da ɗinkinsa.