Sunan 'Yar Farin Kaka

Shekarar da na gama makaranta na dawo Tambuwal jiran kiran bautar ƙasa, ba ni da aikin fari balle na baƙi. Abin da na dawo da shi wata tsohuwar laftop ce mai ɗaukar zafi kamar murhu, sai ɗan abin da na koya na gina manhajar da ake buɗewa a intanet. Ni kuma mutum ne mai saurin hawa, zaman banza ƙara mini faɗa yake yi. Baffa, yayan mahaifina, shi ya gaji da jin muryata a tsakar gida, ya kira ni zaure ya ce in ina son a yarda na yi karatu, in tattara masa zuriyarmu wuri guda. Mun bazu, daga Tambuwal zuwa Sanyinna, Kebbe da Fakku, wasu har kudu. Duk bikin da aka yi sai an manta da wani gida, a kwashe wata guda ana ba da haƙuri.

Wallahi na ji daɗin aikin nan tun ban fara ba. Tsarin da na koyi aiki da shi kamar gida ne da magina suka riga suka ja katanga suka yi rufi, kai naka ka raba ɗakuna ka sa ƙofofi. Za ka gaya masa abin da kake son adanawa game da kowane mutum, suna, uba, uwa, gari, shi kuma ya tanadar maka rumbun bayanai. Abin da ya rage maka ayyuka huɗu ne: saka sabon mutum, duba waɗanda ke ciki, gyara wanda aka yi wa kuskure, da goge wanda bai kamata ya shiga ba. A kan gurbin suna na kafa doka biyu, ina ji da kaina. Dole a cike shi, kuma haruffan boko kawai zai karɓa, kada wani ya zuba mini lambar waya a ciki.

Ranar da na saka kaina na ga sunana ya fito a shafi, ihun da na yi sai da Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta ɗauka kunama ce. Na saka mutanen gidanmu, na saka na Baffa, sannan na kira shi ya ga gwaji. Don in burge shi na ce bari in nuna masa yadda ake gogewa, na danna a kan sunansa. Ashe na ɗaure 'ya'ya da ubansu ta yadda in uba ya tafi sai su bi shi. Gidan Baffa gaba ɗaya ya ɓace daga shafin.

Baffa ya cire tabarau ya dube ni. "Ɗan ga, da yatsa guda ka kashe ni da ɗiyana duka?"

Ya yi dariya har da tari. Na kwance ɗaurin, na sa manhajar ta riƙa tambaya ko mutum ya tabbata kafin ta goge kowa. Baffa ya ƙara da cewa wanda ya rasu ba a goge shi, sai na yi wa mamata ɗan akwatin da ake yi wa alama.

Matasa da na tsakiya ba su ba ni wahala ba. Manyan da, iyayen kakanni da 'yan uwansu, suna cikin kan mutum ɗaya, Kaka, mahaifiyar su Baffa, wadda ke zaune a Kebbe wajen autarta Goggo. Da zan tafi, Baffa ya raka ni bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ba shi ne ɗan farin Kaka ba. Akwai yarinyar da ta riga shi, ta rasu tun ba a yaye ta ba. Kaka, kamar kowace uwa ta zamaninsu, ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma mutuwar yarinyar ba ta ɗage mata wannan kunya ba. Kakanmu namiji ya rasu ba wanda ya tuna ya tambaye shi. Waɗanda suka ci naman sunan duk sun kwanta dama.

"Ita kaɗai ta san shi," in ji Baffa. "Ranar da tat tafi, sunan ya tafi. In ka samo shi, ka gama min komi."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Baffa ya girgiza kai kawai.

Na hau mashin ɗan acaɓa da laftop a goye, lokacin an gama yankan gero, ko'ina ka duba dammuna ne a jingine. Na iske Kaka a rumfar ƙofar ɗakinta tana gyaran wake. Tana ganina ta fara.

"Lale da angon da ba ya cefane! Mi kaz zo min da shi, wanga faranti?"

Na ce wannan farantin ya fi kayan ɗakinta duka tsada. Ta ce to in dafa mata shi ta ci. Haka muke da ita tun ina yaro, ban taɓa cin ta a baki ba.

Washegari da hantsi muka fara. Na haɗa wayata da laftop ɗin, shafin yana buɗewa a duka biyun ba sai an nemi sabis ba. Kaka ta miƙe ƙafa ta shiga zubo mutane, wane ya haifi wane, wance ta yi aure a Fakku ta haifi tagwaye. Yatsuna har ciwo suke yi, amma daɗi ya cika ni. Sai muka iso kan mijinta.

"Sai Malam," in ji ta.

"Wane Malam?"

"Malam dai."

Na rubuta Malam don in wuce. Mahaifinsa kuma? Baban Malam. Yayansa? Malam babba. To zuriyarmu gidan malamai ne, kuma ba mu da aiki sai mayar da sunan magabata. Jikoki da tattaɓa kunne rabinsu sunan mutanen nan uku suke ɗauke da shi, Kaka kuwa ba ta furta ko ɗaya. Wannan mai sunan Malam ne, wancan mai sunan baban Malam, wancan kuma mai sunan Malam na gidan mai sunan Malam babba. Da na bar gurbin babu komai sai manhajar ta yi mini jan rubutu, wai dole a cike. Kafin azahar na buɗe shafin dubawa na ga Malam a jere tun daga sama har ƙasa, ba ka bambance kaka da jika.

Raina ya ɓaci. Na rufe laftop da ƙarfi na ce ai suna don a kira shi aka raɗa shi. Kaka ko a jikinta.

"Kai ma mai sunan Malam na," ta ce. "Ka taɓa jin na kira ka? To mi ya rage ka da shi, ban da hankali?"

Goggo da ke tankaɗe a gefe ta yi dariya har garin ya zube mata a zane. Ni ma na kasa riƙe fushin. Da na huce na ga ai dokar tawa ce, ba daga sama ta sauko ba. Na koma cikin tsarin na ƙara gurbi na biyu, na kira shi yadda Kaka ke kiran mutum, na kuma sassauta wa gurbin suna ya yarda a bar shi babu komai. Na tura canjin cikin rumbun ina addu'a kada ya zubar mini da aikin safiya. Bai zubar da ko mutum ɗaya ba.

Daga nan aiki ya zama wasa. Kaka ta faɗi mutum da laƙabin da take kiran shi in saka, in miƙa wa Goggo waya ta danna gyara ta cike sunan yanka. Inda Goggo ita ma take jin nauyi, wajen surukanta, sai a kira matar maƙwabci da ta san su. Kafin kwana biyu matan unguwa, da yawansu danginmu ne, sun mayar da rumfar Kaka dandali. Kowace sai ta ce a nemo mata gidansu, in ya fito a yi shewa, in an yi kuskure a yi mini ca, in gyara nan take. Wata tsohuwa ta gano ashe ita da Goggo kakanninsu ɗaya, suka rungume juna kamar yau suka fara haɗuwa. Ban taɓa jin karatuna ya yi amfani irin na kwanakin nan ba.

Saura mutum ɗaya. Na saka ta da kaina: uwa Kaka, uba Malam, na yi alama a akwatin mamata. Gurbin suna na bar shi fari. Da yamma Kaka ta ce in karanto mata 'ya'yanta ta ji ko na yi daidai. Ta leƙo fuskar wayar, ta nuna layin farko da ɗan yatsa.

"Wanga fa da ba komi?"

Goggo tana ƙifta mini ido, ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ce yayar su Baffa ce, kuma ita kaɗai za ta iya cike wurin, ta daure ta faɗa mini sau ɗaya tak. Kaka ta ja farantin wakenta ta ci gaba da tsince tsakuwa. Can ta ce wa Goggo kajin nan ba a ba su ruwa ba. Maganar ta mutu a nan, kuma na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gabanta. Na kwana da sanin cewa gobe zan koma wa Baffa hannu rabbana.

Da safe Goggo ta tafi kasuwa, ni ina ɗaure kaya. Kaka ta kira ni ɗakinta. Ita 'yar malamai ce daga Sanyinna, ta yi karatun allo ta sauke, har ta koyar da matan aure a gidan mijinta. Boko ne kawai ba ta yi ba.

"Abin ga naka," ta ce, "boko ɗai ya iya, ko shina jin ajami?"

Murna ta kama ni. Na buɗe shafin gyara na yarinyar, na juya madannan wayar zuwa haruffan Larabci, na ƙara musu girma, na sa mata a hannu.

"Ba ni faɗi nai," ta ce. "Bakina bai taɓa ba, ba kuma yau za shi fara ba. Amma ban ji wanda yah hana hannu ba. Juya min baya."

Na juya ina kallon bango. Ina jin numfashinta, da ɗan ƙaran da wayar ke yi duk sanda ta taɓa harafi. Ta daɗe. Sau biyu tana tsaki tana tambayar inda ake share kuskure, ina gaya mata ba tare da na waiwayo ba. Da ta gama na ce ta danna koren wurin da ke ƙasa, shi ne ajiyewa.

"Ya yi ja," in ji ta.

Sai a lokacin na tuna da dokata ta biyu, haruffan boko kawai. Na sassauta ta farko na manta da wannan. Zufa ta karyo mini, don na san tsohuwar nan ba za ta rubuta sau biyu ba.

"Kada ki taɓa komi, Kaka! Don Allah riƙe ta hakanan!"

"Ka gani? Har na'urar taka ta fi ka kunya," ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Na fizgo laftop daga jaka, dama a kunne na bar ta, na durƙusa a ƙasa, har yanzu bayana gare ta. Abin da ya cece ni shi ne halin tsarin nan: in ya ƙi karɓar abu, yakan dawo wa mutum da abin da ya rubuta, ba ya zubarwa. Na nemo layin dokar na cire shi, na jira manhajar ta sake tashi.

"Rubutun na nan?"

"Shina nan."

"Sake danna koren."

Ta danna. Na kasa kunne. Sannan ta ce jan ya tafi. Na waiwayo, ta miƙo mini wayar tana kallon ƙofa. Layin farko na 'ya'yanta ya cika, ɗan gajeren suna, daga dama zuwa hagu. Ina shirin sa wayar a aljihu in ruga in kira Baffa, sai ta riƙe mini hannun riga.

"Tsaya. Tun da anka rufe ta ban ƙara jin shi ga bakin kowa ba. Karanta in ji."

Na karanta, a hankali. Kaka ta rufe ido. Hawaye na bin kumatunta, amma murmushi take yi, har ana ganin giɓinta.

"Hakanan na," ta ce. "Ƙara faɗi."