Riɗi a Kan Kwaɓin Fanke

Da safen nan na buɗe robar kwaɓin fanke, na tarar ya tashi har ya taɓa murfi. Tsamin yis na bugun hancina sai kawuna ya faɗo mini a rai.

Tsohon malamin makaranta ne a Mayahi, kuma ba ya bayani sai ya ɗauko wani abu a madafa. Ina koleji na zo masa da kuka. An ce mana sararin samaniya faɗaɗa yake yi, na tambayi ina tsakiyarsa, ƴan aji suka kwashe da dariya. Na ce ni da kimiyya har abada.

Bai lallashe ni ba. Ya ɗebo riɗi ya barbaɗa a kan kwaɓin da matarsa za ta soya ta kai kasuwa.

"Haba Malam, wa zai sayi fanke da riɗi?" in ji ta.

"Ni zan cinye abina. Bari ɗiyata ta gani."

Da hantsi kwaɓin ya kumbura, ƙwayoyin suka yi nesa da juna.

Ya ce, "Kowace ƙwaya tarin taurari ce. Zaɓi guda ki zauna kanta. Su wa ke gudunki?"

"Duka, Kawu."

"Koma kan wata."

"Nan ma duka."

"To, ina tsakiyar?"

Sai na gane babu tsakiya, na fashe da dariya.

Yau ni ke koyar da kimiyya a Tasawa, kuma riɗi ba ya rabuwa da jakata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, yadda ya yalwata mini sama.