Sandar Baba Ranar Zaɓe

Ranar Asabar ce. Na idar da sallar asuba, na dama koko, na tarar Baba har ya sa farar rigarsa ta Juma'a yana zaune a bakin ƙofa. Katin zaɓensa na cikin hula, wai aljihu ba shi da amana. Idonsa ya daɗe da tafiya, kuma tun da aurena ya mutu na dawo gida, ni ce ja-gorarsa. Ina riƙe sanda ta gaba, shi yana riƙe da ita ta baya. Haka muke zuwa kasuwar Mai'adua, haka muke zuwa ta'aziyya.

Ni zaɓe bai dame ni ba. Na ce masa waɗanda ya zaɓa wancan karon ko rijiya ba su yashe mana ba. Ya ce, "Ke dai ja mu je, Hajara. Yau kaɗai ake tambayar makaho abin da yake so."

Ƙarfe takwas muka isa firamare. Layin maza daban, na mata daban, amma aka bar ni a na maza saboda shi. Sha ɗaya da rabi muka shiga. Ya raɗa mini wanda yake so, na kama babban yatsansa na dangwala a tawada, na ɗora inda ya ce. Ya fito yana ɗaga yatsan, yana nuna wa mutanen da ba ya gani.

Na ce mu tafi gida. Ya ƙi. A ƙauyenmu ba a watsewa sai an ƙirga ƙuri'u: malamin zaɓe ya ɗaga takarda, jama'a su faɗi lamba baki ɗaya. Baba ya ce a nan ne mai ido bai fi shi ba.

Bayan la'asar aka fara. Muryarsa ta fi ta kowa. Shi ya fara jin ƙarar babura, ya ce, "Waɗannan ba na garinmu ba ne." Suka shigo goyon bibbiyu, fuskoki a naɗe da rawani. Harbi biyu a sama. Na uku ba a sama ba ne.

"Ku kwanta! Kawo akwatin!"

Ba wanda ya kwanta. Na fizgi sandar na ce, "Baba, riƙe!" Na bi ta bayan aji, na faɗa gonaki, na yi arewa. Ihu a bayana, sai ƙarar kara yana cin wuta. Sandar tana ja, tana tokarewa, ina cewa Baba ɗaga ƙafa, Baba saura kaɗan. Wallahi na ji nauyinsa. Shekara shida ina jan sa ban saba waiwaye ba, don sandar ce ke gaya mini yana nan.

Dab da magariba na isa wata ruga kusa da iyaka. Wata dattijuwa da ke tatsar nono ta miƙe ta ce, "Yarinya, da wa kike magana?"

Na waiga. Ashe kan sandar ne yake ta karo da kunyoyin gona.

Mutanen rugar suka hana ni komawa sai da gari ya waye. Na tarar an ƙone gida huɗu, har da namu. Baba yana bayan aji, bai fi taku ashirin daga inda na fizge shi ba. Ba harsashi a jikinsa. Faɗuwa ya yi, masu gudu suka bi ta kansa. Hularsa na gefe, katin na ciki.

Masu wanka sun ce tawadar ta ƙi fita, da ita aka rufe shi. Akwatin kuwa har yau ba a gan shi ba, amma ranar Litinin rediyo ya faɗi sakamakon mazaɓarmu tsaf.

Tun daga nan an yi zaɓe sau biyu. Ban je ba. Sandar na nan jingine bayan ƙofar ɗakin da ƙanina ya ba ni a Daura, ɗaya kanta ya gurje da ƙasa.