Tsohon Ɗakin Taron Kwaleji

Har yau ranar da aka tura ni duba ɗakin taro na tsohuwar kwalejin horon malamai ba ta fita raina ba. Lokacin ina babban jami'in gine-gine a sashen ayyuka, saura mini shekara uku in ajiye aiki. Kwalejin ta daɗe da komawa sakandare, sai shugaban makarantar ya rubuto cewa bangon ɗakin ya tsage, yana tsoron ya faɗo wa ɗalibai. Ƙa'idarmu ita ce ba a rushe ginin gwamnati sai jami'i ya je ya gani da idonsa, ya rubuta rahoto, darakta ya sa hannu. Amma tun kafin in tashi darakta ya gaya mini abin da yake so. "Malam Sani, je ka rubuto a rushe, mu yi musu na bulo."

Na isa da hantsi, farkon damina. Ginin ƙasa ne a kan harsashin dutse, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. A ciki akwai bakan gizo huɗu, wato ginshiƙan da suka taso daga bango suka lanƙwaso suka haɗu a tsakiyar rufi, an jera azara a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. Tagogin suna can sama, ta nan zafi ke fita. A waje ana ta zufa, ciki kuwa sanyi kamar ruwan randa.

Ina cikin auna tsagar sai na ji takun sanda a bayana. Wani dattijo ne, Malam Mu'azu, tsohon hedimasta daga Gummi. A nan ya yi karatu. Ya ji labarin rushewar, ya shigo motar safe shi kaɗai, ga ido ya yi rauni.

Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, kai anka turo ka kashe shi?"

Na ce, "Baba, dubawa kawai na zo yi."

"To, kafin ka rubuta, tai can ƙarshen ɗaki ka tsaya."

Na tafi. Ya tsaya a gaba, ya jingine sanda, ya gyara hula, ya ce a hankali, "Yara, ku buɗe littafinku." Wallahi kamar a kunnena ya faɗa. Ya yi murmushi. "Nan anka koya muna magana da aji. Wanda duk ya yi ihu, malaminmu shi ce mai koma ka zamna, ɗakin ya isa ya kai maka murya. Malaman da sunka karantar da iyayenku a Anka da Bukkuyum, nan kowane ya fara tsayawa gaban aji."

Ya nuna bakin ƙofa. Ya ce ranar da aka ba shi takardar shaida Innarsa ta zo daga ƙauye, ta tuɓe takalmi a nan, ta ƙi shiga da su, wai irin wannan ɗaki sai masallaci. 

Daga baya ya shafa tsagar da tafin hannu. "Wanga ba ciwon ƙasa ba ne. Siminti anka shafa mai. Mu kowace shekara kafin ruwa sai mun hau mun share indararo."

Na sa aka kawo tsani na hau. Duk indararon sun toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ruwa yana kwanciya yana bi ta bayan simintin. Na fasa simintin da guduma, na tarar ƙasar ciki tana nan daram, azara ko ɗaya gara ba ta taɓa ba.

Na rubuta kada a rushe, a gyara. Darakta ya karanta ya ɗaure fuska. "In ya faɗo wa yara, wa zai amsa?"

"Ni, Yallaɓai. Amma a kulle shi har a gama gyara, kuma ina roƙo ka je ka gani."

Bayan mako biyu ya je. Ya daɗe a tsaye yana kallon rufin, sannan ya fito ya shiga mota. Washegari na ga fayil a teburina da sa hannunsa. Muka samo tsofaffin magina daga Anka, suka ɓamɓare simintin, suka yi sabon yaɓe da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa mai hana ruwa cin bango. Yanzu a ciki ɗalibai suke rubuta jarrabawa.

Malam Mu'azu bai ga ƙarshen aikin ba. Allah ya yi masa rasuwa ana tsakiyar yaɓe. Na je ta'aziyya Gummi, na tarar da zaure cike da masu furfura, kowa na tambaya ya ce ɗalibinsa ne.

Ku da kuke wannan aiki yanzu, abin da zan bar muku ke nan. An koya mana auna bango, ba a koya mana tambayar wanda ya zauna a ƙarƙashinsa ba. Shekarun da suka rage mini ban sake rubuta rahoto a kan tsohon gini ba sai na nemo dattijon da ya san shi, na zauna na saurare shi tukuna.