Maɓallan Jabez Bebe

A garinmu na bakin kogin Ohio a ƙasar Amurka, duk wanda ya yi aikin ƙarfe ya san Jabez Tolliver, ko da yake ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Bebe ake ce masa. Baƙo kan yi mamakin wannan suna, don kuwa a tsufansa in ya kama ka da hira, sai ka yi ƙaryar ciwon ciki kafin ka tsira.

Ɗan tsaunukan Tennessee ne, manomin masara. Bai taɓa mallakar ko jaki ba balle bawa, amma da masu bayi na jihohin Kudu suka ja yaƙi da jihohin Arewa, shi da irinsa aka tasa gaba. Haka duniya take, wani ya ci nama wani ya sha dukan mahauci. Ya dawo bayan an ci su da yaƙi ya tarar da gona ta zama jeji, matarsa Almira ta rame har wuya. Suka ji ana ɗibar mutane a masana'antun Arewa, suka ɗaure kayansu a bargo suka haye kogi.

Rigar kirki ɗaya gare shi, kwat ɗin soja mai ruwan toka. Almira ta rina shi da ɓawon itace ya koma baƙi-baƙi. Saura maɓallan tagulla masu tambarin rundunar Kudu, waɗanda hukuma ta hana sawa. Ba su da wasu da za su maye gurbinsu, sai ta yi abin da matan Kudu suke yi a lokacin: ta yayyanka ƙyalle ta lulluɓe kowane maɓalli ta ɗinke.

"To kwat dai, na rufa masa asiri," in ji ta, "saura bakinka. Kana buɗe shi kowa ya san inda aka yanke maka cibiya."

"Sai in yi ta shiru ke nan?"

"Kai da shiru? Allah ya nuna mini ranar."

Ya kuwa nuna mata. Mai ɗaukar ma'aikata a masana'antar wani gajere ne mai faɗin kafaɗa, Gideon Strunk, wanda kowa ke kira Saje saboda muƙaminsa a rundunar Arewa. Kunnensa na hagu ya bar shi a fagen daga. Ya ƙare wa Jabez kallo daga sama har ƙasa, ya ce gobe ya zo bakin tanderu. Jabez ya gyaɗa kai kawai.

Daga ranar bai ƙara haɗa kalma uku a wurin aiki ba. Yana isowa zai juya kwat ciki waje ya rataye a ƙusa, ya ɗauki shebur. Aikinsa ɗura wa tanderu kwal, inda ake narka ƙarfen da ake shimfiɗa layin dogo da shi. Mutumin da ya saba duba rana ya san lokaci, yanzu jiniya ke tashinsa, jiniya ke sallamarsa. Da tsakar rana abokan aiki su zauna cin wake da gurasa suna labarin yadda suka fatattaki 'yan tawaye, shi kuwa ya koma gefe ya ci nasa shi kaɗai. Tsoro yake ji ƙwarai. Ya san ranar da aka gane shi, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi, ga Almira da ciki, ga sanyin hunturu ya kawo jiki, kuma babu gidan komawa.

Ana nan sai wata safiya ruwan sama ya yi ta zuba, rufi ya ɗiga, ruwa ya taru a ramin da ake zuba narkakken ƙarfe ba wanda ya lura. Ƙarfe na taɓa ruwa ya fashe da wata irin ƙara, garwashi ya watsu sama. Jabez bai san lokacin da ya finciko mutumin da ke kusa da shi ya maka da ƙasa ya danne ba, yana kwarara ihu da cikakken harshen mutanen tsauni: "Ku kwanta, ku kwanta, 'yan Arewa sun saki igwa!"

Hayaƙi ya lafa. Ba wanda ya ji rauni in ban da ƙuna nan da can. Baƙin da suka zo daga ƙasar Jamus da Ireland bayan yaƙi suna tsaye sake da baki. Duk wani tsohon soja kuwa yana kwance rubda ciki, hannu bisa ƙeya. Wanda Jabez ya danne ya motsa, sai ga gefen kai babu kunne.

"Ɗaga ni mana, ɗan tawaye," in ji Saje. "Kai da nauyi kamar buhun kwal."

Jabez ya miƙe. Mutane suka fara tashi suna kakkaɓe gwiwa, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa don kunya. Jabez ya nufi ƙusa zai ɗauki kwat ɗinsa.

"Ina zuwa? An busa jiniya ne?"

"Ranka ya daɗe, ai ka ji da kunnenka."

"Da guda ɗayan da kuka bar mini, na ji." Saje ya tofar da toka. "Kana tsammani yau na sani? Tun ranar da ka tsaya gabana. Wane mai hankali ke sa wa maɓalli riga in ba mutanenku ba?"

"Kuma ka ɗauke ni?"

"Wuta nake nema wa mai tsayawa. Na ce wanda ya tsaya gaban igwarmu ba zai guje wa tanderu ba. Ashe kwanciya kake yi."

Wani dogo daga baya ya ce, "Saje, ai kai ma ƙasa muka gan ka."

"Ni kayar da ni aka yi, ɗan nema. Kai wa ya kayar da kai?"

Dariya ta ɓarke. Ba kowa ya yi ta ba. Akwai wani da ƙanensa bai dawo daga yaƙi ba, bai ƙara zama kusa da Jabez ba har ya bar aikin, kuma Jabez bai taɓa ganin laifinsa ba. Amma shi dai a ranar ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya ɗauki shebur, sai kuma ya zauna kan tulin kwal yana dariya hawaye na wanke masa baƙin fuska.

Da ya koma gida ya ba Almira labari, sai ta ɗauko almakashi ta yanke maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙarasa hunturun yana ɗaure kwat ɗin da igiya a ƙugu.

Ya yi sauran ƙarfinsa a bakin wannan tanderu, ya aurar da 'ya'ya, ƙarar injuna ta cinye masa ji, abin da ya sa ya ƙara ɗaga murya. Duk surutun da ya haɗiye a watannin farko sai da ya biya kansa ninki. Bayan sun tsufa, shi da Saje kan zauna a benci ƙofar shagon aski, ɗaya kurma ɗaya mai kunne guda, suna musun wanda ya fi gudu a wane fage.

Saje ne ya riga shi kwanciya ciwon ajali. Jabez ya je dubiya ya zauna bakin gado, ya ɗauko labari tun daga tsaunukan Tennessee. Can Saje ya buɗe ido ya yafito shi, ya sa baki a kunnensa.

"Bebe, da na san haka bakinka yake, da na bar ka cikin tsoronka."

Jabez ya riƙe hannunsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.